Ya dace in yi wa'azin bangaskiya da labarin soja?

Bitrus_Gindiri:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema. An ba ni wa'azi a sujadar matasa ta Lahadin da ke kusa da 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Nassina 2 Timoti 2:3-4 ne, inda Bulus ke gaya wa Timoti ya jure wahala kamar sojan kirki na Almasihu. Na shirya in buɗe da labarin Desmond Doss, sojan Amurka ɗan cocin Adbentis masu hutun Asabar. Ya shiga soja a 1942 amma ya ce shi ba zai taɓa bindiga ba, jinyar masu rauni kaɗai zai yi. Abokansa suka mai da shi abin dariya, yana durƙushe yana addu'a suna jifansa da takalma. A watan Mayun 1945, a tsibirin Okinawa, sojojin Japan suka fatattaki rundunarsu daga kan wani tsauni, kowa ya gangaro, shi ya tsaya a sama yana janyo masu rauni ɗaya bayan ɗaya yana zuro su da igiya. Mutum 75. Duk wanda ya sauke sai ya roƙi Ubangiji ya ba shi ƙarin mutum ɗaya. Da na nuna wa wani dattijonmu takardar, sai ya ce mini, "Bitrus, bagadi ba bariki ba ne." Jikina ya yi sanyi. In ci gaba ko in canza?

MamanTalatu:
Ɗana, ci gaba da abinka. Bulus da kansa ai da sulke da kwalkwali da garkuwa ya yi mana misali a Afisawa 6. In shi bai ji kunyar kayan soja ba, kai me zai hana ka?

Istifanus82:
Labarin yana da kyau amma gyara biyu kafin wani ɗan jami'a ya tsayar da kai a bakin ƙofa. Adadin 75 ɗin nan ba ƙirga aka yi ba. Manyansa sun ce 100, shi ya ce bai wuce 50 ba, aka raba tsakiya. Na biyu, tsaunin gaba ɗaya ya kai kamar mita 120, amma gefen da yake a miƙe, inda ake hawa da raga, bai fi mita 10 ba. Fim ɗin da aka yi a kansa ya sa mutane na zaton daga ƙololuwa har ƙasa ya riƙa zuro su. Wannan bai rage masa komai ba. Ni abin da ya fi taɓa ni ma ya zo ne daga baya: gurneti ya farfasa masa ƙafafu, ya yi awa biyar a kwance kafin a zo ɗaukarsa, suna tafe ya hango wani da ya fi shi jin jiki, ya mirgino daga kan gadon ɗaukar ya ce a ɗauki wancan. Harsashi ya kuma karya masa hannu, ya ɗaure karayar da gindin bindiga ya ja ciki ya kai kansa. Shugaba Truman ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka ran 12 ga Oktoban 1945.

Bitrus_Gindiri:
Na gode ɗan'uwa Istifanus. Batun 50 da 100 ɗin ma zai shiga wa'azin, don ya nuna tawali'unsa.

Dattijo_Ayuba:
Ban san dattijon da ya yi maka magana ba, amma na gane inda ya dosa. Mu da muka ga 2001 da 2008 da 2010 a Jos, mun san yadda yaro ke fita daga coci da waƙar sojan Yesu a bakinsa ya je ya ɗauko adda. Kai kana nufin yaƙin ruhu, kunnen da ke bencin baya wani abu daban yake ji. Ba na ce kada ka yi ba. Amma ka san wa ke zaune a gabanka.

Tsohon_Saje:
Ku ba ni wuri in sa baki, tunda ni na sa kakin. Shekara 22 na yi, na je Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya. Masu wa'azi suna son su ce jarumi ba ya tsoro. Ƙarya ne. Ranar da aka fara buɗe mana wuta a wata gada, bakina ya bushe ƙamas, yawu ya ƙi haɗiyuwa, gwiwata tana kaɗawa kamar ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ina da ƙaramin Sabon Alkawari a aljihun ƙirji, amma ko aya ɗaya ban tuna ba. "Yesu, Yesu" kawai nake ta faɗi.

Abin da ya tsayar da ni ba aya ba ce, wani laftanan ne, yaro ƙarami, na girme shi da kusan shekara 10. In an kawo abinci shi ne na ƙarshen ɗiba, wani lokaci ƙanzo kawai yake samu. Da dare yana bi rami-rami yana taɓa kafaɗar kowa yana kiran sunansa. Ran nan da aka harbi wani kofur ɗinmu a cinya, yana kwance a fili yana kiran uwarsa, yaron nan ya miƙa mini bindigarsa ya ce in riƙe masa. Ya ja ciki ya je ya kamo shi ta wuyan riga. Da suka iso rigarsa ta jiƙe sharkaf, ban san wane jinin na wa ba ne. Mun kuma taɓa yin wani babba wanda muryarsa kawai muka sani a rediyo. Shi ma ba ya fashin coci. To ka ga duka biyun masu zuwa coci ne. Ka zaɓi wanda za ka nuna wa yaran.

MamanTalatu:
Kai, Baba Saje, ka sa ni hawaye. Allah ya saka wa yaron nan.

Rabaran_Maigoro:
Baba Saje ya riga ya yi maka wa'azin, Bitrus. Babban nan na cikin rediyo yana cikin Littafi: 2 Sama'ila 11. Lokacin da sarakuna kan fita yaƙi, Dawuda ya aiki Yowab, shi ya yi zamansa a Urushalima yana yawo a kan soro. Daga nan duk masifar ta taso. Sai ka dubi Uriya Bahitte, wanda ba ma Ba'isra'ile ba ne ta haihuwa. An kirawo shi gida, an ce ya je ya huta da matarsa, ya kwana a ƙofar fada, ya ce akwatin alkawari da 'yan'uwansa suna kwana a fili, shi ba zai shiga ɗaki ba. Har giya Dawuda ya ɗirka masa, bai canza ba. Da hannunsa ya kai wasiƙar da ta kashe shi. A wannan sura sojan ne mai aminci, mai rubuta Zabura ne maci amana. Ban taɓa jin an yi wa'azin ranar mazan jiya daga nan ba, kullum Joshuwa 1:9 ne da Gidiyon da mutum 300.

YarKwarhi:
Da izininku iyayena. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma kun san tun daga kafuwarmu a Garkida a 1923 koyarwar da aka ba mu ita ce Kirista ba ya ɗaukar makami. Yesu ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube. Don haka Doss namu ne ta wani fanni. Amma ina da tambaya da ta daɗe tana cina: mutanen da ya ceto, da suka warke ba komawa suka yi suna harbi ba? Shi bai ja kunama ba, amma yana cikin rundunar da ke ja.

A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka ci Mubi da hedkwatarmu ta Kwarhi, da ƙafa muka bi duwatsu muka nufi Kamaru. Akwai wani mai bishara, ba zan faɗi sunansa ba, yana da babur da mai a ciki, zai iya tserewa da iyalinsa tun da safe. Ya ba wa wata mai tsohon ciki da mijinta babur ɗin. Shi ya koma can baya wajen tsofaffi, yana goya wata kaka da ƙafarta ta kumbura, in ya gaji ya sauke ta a inuwa ya koma ya tallafo wata. Takalminsa na roba ya tsinke, ya ɗaure da tsumman zane. Ba kaki, ba lamba, ba wanda zai yi fim a kansa. Me ya sa sai mun haye teku kafin mu samo misali?

Saraya_Kagoro:
Wannan magana taki 'yar'uwa! Ga Rabaran Lawan Andimi na Michika, da suka kama shi a Janairun 2020, a bidiyon da suka sake ma yana cewa kada a yi kuka, a gode wa Allah. Suka kashe shi cikin watan. Yaranmu sun san sunan 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma ka tambaye su shi.

Istifanus82:
Game da tambayar YarKwarhi ta farko, Doss da kansa bai yarda a kira shi mai ƙin yaƙi ba. Yana aiki a masana'antar jiragen ruwa, yana da damar a ɗage masa shiga soja, shi ya kai kansa. A ganinsa yaƙin na gaskiya ne, kisan ne ba zai yi da hannunsa ba. Ko wannan ya warware tambayarki ko ya ƙara ɗaure ta, ke za ki faɗa.

YarKwarhi:
Ya ƙara ɗaure ta.

DanWusasa:
Tunda ana neman na gida, kuma an ce shugabanci, ga Janar Yakubu Gowon. Ɗan mai bishara ne, a nan Wusasa ya tashi. Yana ɗan shekara 31 mulki ya faɗo masa a 1966. A yaƙin basasa na Biyafara ya fitar wa sojoji ƙa'idar yaƙi a rubuce cewa kada a taɓa mata da yara da majami'u da asibitoci. Da aka gama a Janairun 1970, duniya na jiran ta ga an yi wa Ibo yankan rago, sai ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, ya rungumi Philip Effiong da ya zo miƙa wuya a madadin Biyafara. In wannan ba gafara irin ta Kirista ba ce, to mece ce? Ita kanta ranar 15 ga Janairun da za ka yi wa'azi dominta, ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin.

Chinedu_SabonGari:
Malam DanWusasa, a Kano aka haife ni, da Hausa na tashi, kuma ina girmama Janar. Amma a gidanmu in an ce yaƙin nan, ba runguma ake tunawa ba. Kakata ta binne 'ya'ya biyu, ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce, cikinsu ya kumbura gashinsu ya yi ja. Ga abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967, ƙa'idar tana rubuce a takarda aka tara maza aka harbe. Bayan yaƙi kuma duk abin da kake da shi a banki fam 20 aka ba ka. Ojukwu, shugaban Biyafara, shi ma Kirista ne. Nan ana addu'a, can ana addu'a, duk da sunan Yesu ɗaya. In Bitrus ya sa wannan a wa'azi, akwai wanda zai tashi ya fita.

DanWusasa:
Ban musa ko ɗaya ba ɗan'uwa. Amma ka auna abin da zai faru da wani ne a kujerar ba shi ba.

Chinedu_SabonGari:
Wanda aka binne ba ya aunawa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
'Yan'uwa, a sassauta. Ba mu hana batun yaƙin basasa ba, amma a buɗe masa nasa zaren. Nan Bitrus ne ke neman shawara.

Rabaran_Maigoro:
Kafin a rufe, abin da Chinedu ya faɗa shi ne ainihin haɗarin. A yaƙin duniya sojojin Jamus suna da rubutu a kan bel ɗinsu cewa Allah na tare da su. Duk rundunar da ta taɓa fita ta ce haka. Shi ya sa ni ba na auna bangaskiya da wanda ya ci yaƙi. Ku tuna Allah ya hana Dawuda gina haikali saboda jinin da ya zubar, alhali yaƙe-yaƙen da aka ce na Ubangiji ne ya yi. Ta ɗaya gefen kuma, da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3:14, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Yesu ya ce bai ga bangaskiya a Isra'ila kamar ta jarumin Roma na Kafarnahum ba. Karniliyus soja ne. Ikkilisiya ta yi ɗaruruwan shekaru tana jan wannan igiya, ba a zaren nan za mu tsinke ta ba.

Tsohon_Saje:
Luka 3:14 ɗin nan a liƙa shi a kowane shingen hanya, Rabaran. Na faɗa ne a matsayin wanda ya taɓa tsayawa a shinge.

Hannatu_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni tambayata daban ce. In jarumtaka hujjar bangaskiyar Kirista ce, ya za mu yi da jarumin da ba Kirista ba? Na karanta labarin jirgin ruwan Dorchester da Jamusawa suka nutsar kusa da Girinlan ran 3 ga Fabrairun 1943. Mutum sama da 900 ne a ciki, kamar 230 suka tsira. Malaman addini huɗu na soja suna raba rigunan ceto, da suka ƙare kowannensu ya tuɓe tasa ya ba wani, aka hango su sun sarƙe hannu suna addu'a jirgin na nitsewa. Biyu fastoci ne, George Fox da Clark Poling, ɗaya fada ne, John Washington. Na huɗun, Alexander Goode, malamin Yahudawa ne. Rigarsa ba ta fi tasu rashin nauyi ba.

Saraya_Kagoro:
Ba sai an je teku ba ma. Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barkin Ladi, a Yunin 2018 ya ɓoye mutum sama da 200 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Tsoho ɗan shekara 80 da wani abu.

Istifanus82:
To ai shi ke nan, misalin ya rushe. In Musulmi da Bayahude da wanda bai yarda da Allah ba duk suna iya yi, ba bangaskiya ce ke haifar da shi ba, hali ne. Wani an haife shi da zuciya, wani babu.

MamanTalatu:
A'a Istifanus, kar ka yi saurin rushewa. Da Yesu zai koya mana ƙaunar maƙwabci wa ya ɗauko? Basamariye, wanda Yahudawa ba sa ko shan ruwa da ƙoƙonsa. Ya bar firist da Balawe suka wuce. Misali ba shaidar kotu ba ce. Ba cewa ake yi mu kaɗai muka iya ba, cewa ake ga kamannin abin.

Dattijo_Ayuba:
Mama ta faɗi gaskiya. Kuma batun hali, ban yarda duka ba. Manzo Bitrus yana da zuciya, shi ya zare takobi a gonar, amma 'yar aiki ta tambaye shi a bakin wuta ya rantse bai san mutumin ba. Bayan kwana 50 da 'yan kai shi ne ke tsaye gaban taro. Halin bai canza ba, wani abu ne ya shigo.

Fada_Ya_Ce:
Mu Katolika kada a manta da mu. Maximilian Kolbe, fada ɗan Folan, a Auschwitz, sansanin fursunoni na 'yan Nazin Jamus, a 1941. Wani fursuna ya gudu, aka ware mutum 10 za a kashe su da yunwa. Ɗaya ya fashe da kuka yana kiran matarsa da 'ya'yansa, Kolbe ya fito daga layi ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Mako biyu suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana bi da su cikin addu'a da waƙa, da ya ƙi mutuwa suka yi masa allurar guba ran 14 ga Agusta. Mutumin da ya fansa, Franciszek Gajowniczek, soja ne, ya rayu har 1995, yana wurin a Roma a 1982 ranar da aka ɗaga Kolbe zuwa waliyyi. Bitrus, in Yahaya 15:13 kake nema da ƙafafu, ga shi nan. Wani ya mutu a gurbin wani. Doss ya ceci mutane, amma wannan ya fi kusa da gicciye.

Tsohon_Saje:
Duk waɗanda kuka lissafa, kun lura ba wanda aka tuna da shi don yawan waɗanda ya kashe? Mahaifina ya je ƙasar Bama da runduna ta 81 a yaƙin Hitila. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba, ko sau ɗaya. Labarinsa kullum na ruwan sama ne, da matsattsaku, da kayan da suke ɗauka a ka cikin kurmi, da wani Bamaguje abokinsa da suka ɗauko a kan gora kwana uku ya mutu a hanya. In ya zo nan sai ya yi shiru ya nemi goro.

YarKwarhi:
Baba Saje, da irinku ne ke wa'azin ranar, da ban damu ba. Damuwata wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba ya hau bagadi yana ta da jijiyar wuya.

Bitrus_Gindiri:
Wannan da ni kike, 'yar'uwa, kuma na karɓa. Ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba. Na karanta duka. Ga inda nake yanzu: Doss zai tsaya amma gajere, zan sa Uriya kamar yadda Rabaran ya nuna, kuma in YarKwarhi ta yarda zan ba da labarin mai bisharan nan ba suna. Batun Janar zan bar shi, ban kai in taɓa shi cikin minti 25 ba. Abin da har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba shi ne gargaɗin Baba Ayuba. In yaro ya tare ni bayan sujada ya ce, to in sun shigo unguwarmu da dare, in zama Doss ko in tare ƙofa, me zan ce masa?

Rabaran_Maigoro:
Shekara 30 ina aikin nan, an yi mini wannan tambaya a gaban gawa. Kira ni a waya, ba ta rubutu ba ce.

DanWusasa:
Nehemiya dai da hannu ɗaya suke gini, ɗaya riƙe da makami.

YarKwarhi:
Istifanus na Ayyukan Manzanni kuma da hannu biyu a buɗe ya mutu. Na yarda ka ba da labarin, Bitrus, amma kada ka ƙara masa gishiri. Kakar da ya goya ba ta kai ba, a kan dutsen muka binne ta.

Istifanus82:
Na ga sunana na firgita, ashe ba ni ba ne.

Hannatu_Maradi:
Wa zai ɗauko mana wa'azin a waya? Mu na nesa muna so mu ji yadda ta kaya.

Tsohon_Saje:
Bitrus, ƙarfe nawa ake shiga sujadar? In ƙafar nan ta bar ni zan shigo motar Mangu in zo in zauna a bencin baya.